Ɓeraye Sun Addabe Mu A Gidan Haya: Gyara A Kan Wa Yake, Mai Gida Ko Ɗan Haya?

TAMBAYA

Na kama hayar ciki da falo a wani gida mai sassa huɗu, na biya kuɗin shekara Naira 240,000 tun kafin mu tare. Ba mu yi wata biyu ba ɓeraye suka fito mana. Da dare ba ma barci saboda gudunsu a cikin silin, sun huda buhun shinkafa da na masara, sun cinye wayar firji, har sun taɓa cizon ƙaramin ɗana a yatsa yana barci. Da na bincika sai na ga daɓen kicin ya fashe, akwai ramuka a gindin bango ta wajen kwata, murfin sokawe ma a karye yake. Maƙwabta sun ce wanda ya zauna kafin ni abin da ya tashe shi ke nan. Na gaya wa mai gidan sau uku, sai ya ce shi ɗaki ya ba ni haya, ba shi ya kawo ɓera ba, in je in sayi shinkafar ɓera.

Malam, a shari'a gyaran nan a kan wa yake? Ya halatta in gyara da kuɗina in cire a hayar baɗi? In na tashi zan iya neman ragowar kuɗina? Sannan mene ne hukuncin kashe su da guba, da kuma abincin da suka taɓa?

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Allah Ya ba yaron lafiya, Ya yaye muku wannan damuwa. Ɗan'uwa, taƙaitacciyar amsa ita ce: duk abin da ya shafi jikin gini, wato ramin bango, fasasshen daɓe, silin, kwata da murfin sokawe, gyaransa a kan mai gida yake. Duk abin da ya shafi zaman yau da kullum, wato shara, rufe abinci, wanke-wanke da ɗana tarko, wannan a kanka yake kai da iyalinka. Idan mai gida ya ƙi gyara alhali cutarwar ta kai matsayin da zama ya gagara, kana da zaɓin warware haya da karɓar kuɗin watannin da suka rage. Amma ba ka da ikon yanke kuɗin haya da kanka ba tare da yardarsa ko hukuncin alƙali ba. Ga bayanin daki-daki.

Na farko: Mene ne mai gida ya sayar maka?

Malaman fiƙihu suna kiran hayar gida da suna kira'i ko ijara, kuma sun bayyana ta da cewa ciniki ne na amfani. Wanda ya sayi gida ya mallaki ginin, wanda ya kama haya kuwa ya mallaki amfanin ginin na wani lokaci sananne da kuɗi sananne. To amfanin ɗakin kwana shi ne a kwanta a yi barci cikin aminci, amfanin kicin da sito shi ne a ajiye abinci a dafa. Saboda haka maganar mai gidanka cewa ɗaki kawai ya ba ka ba ta cika ba. Abin da ya karɓi kuɗinsa shi ne zama a ɗakin, kuma wajibi ne ya miƙa maka shi a halin da za a iya zama, ya kuma ci gaba da kasancewa haka har ƙarshen shekara.

Allah Ya umarci muminai da cika alkawuran da suka ƙulla a ayar farko ta Suratul Ma'ida, Ya kuma hana cin dukiyar juna da ɓarna a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i. Wanda ya riƙe kuɗin wata goma sha biyu alhali amfanin da aka biya dominsa ya tawaya ta dalilin ginin da ya ƙi gyarawa, to ya ji tsoron shiga ƙarƙashin wannan hani.

Na biyu: Shin yawan ɓera aibi ne a gidan haya?

A nan sai an rarrabe. Ɓera ɗaya ko biyu da kan leƙo lokaci-lokaci, wannan da wuya a sami gidan da ya kuɓuta daga gare shi a garuruwanmu, kuma al'ada ba ta ɗaukarsa aibin da ake warware haya saboda shi. Tarko da tsafta sun ishe shi, kuma wannan aikin mazaunin gida ne.

Amma idan suka yi yawan da ka siffanta, suka yi sheƙa a silin da ƙarƙashin daɓe, suna hana barci, suna lalata abinci da kaya, har suna cizon yara, to wannan aibi ne mai tauye amfani. Muna da abin kwatance a littattafan da alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da su. Alƙali Ibn Asim na Andalus, wanda ya rasu shekara ta 829 bayan Hijira, ya ƙidaya yawan kuɗin cizo a cikin aibobin gidaje da ake mayar da ciniki saboda su, a littafinsa Tuhfatul Hukkam. Idan ƙwaron da iyakarsa cizo ya zama aibi a gida, to ɓeran da ke cin abinci, ya yanke wayar lantarki, ya kuma ɗauko cuta, ya fi cancanta. Kuma tun da haya ciniki ce ta amfani, abin da yake aibi a can yana zama aibi a nan matuƙar ya taɓa zaman.

Ma'aunin gane yawa da ƙaranci shi ne al'ada da ganin masana. Idan kuka yi jayayya a kai, sai a kira magini ko jami'in duba-gari da dattawa biyu na unguwa su duba da idonsu.

Na uku: Abin da ke kan mai gida

Mazhabobi huɗu sun tafi a kan cewa gyaran ginin da zama ba ya yiwuwa sai da shi yana komawa ga mai gida, domin shi ne mamallaki, kuma shi zai ci moriyar gyaran bayan ɗan haya ya tashi. Mujallatul Ahkamil Adliyya, kundin dokokin mu'amala da Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta tsara a kan mazhabar Hanafiyya tsakanin 1869 da 1876, ta bayyana haka a sashe na 529: gyaran abin da ke ɓata amfanin da aka nufa, har da hanyoyin ruwa, yana kan mai bayar da haya, in ya ƙi ɗan haya yana da damar fita. A sashe na 532 kuma ta ɗora kwashe shara da tokar da suka taru a lokacin haya a kan ɗan haya. Shafi'iyya da Hanbaliyya ma a kan wannan rabo suke.

Idan muka ɗora wannan a kan gidanka, ga abin da ke kan mai gida: toshe ramukan gindin bango da siminti, sake daɓen kicin, sauya murfin sokawe, sa raga ta ƙarfe a bakin kwata, gyara silin da ya ɓule, da cike giɓin da ke tsakanin kan bango da kwanon rufi. Haka nan idan ƙofa ta ruɓe ta ƙasa ko taga ta rasa raga tun kafin ka shigo. Idan kuma ɓerayen sun riga ka zama a gidan, kamar yadda maƙwabta suka shaida, to kuɗin feshi ko na masu aikin kawar da su na karon farko shi ma a kansa yake, domin aibi ne da ya gabaci yarjejeniyarku.

Akwai kuma wani haƙƙi da ya fi waɗannan nauyi, shi ne bayyana aibi. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya sa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, sai ya yi masa faɗa a kan ɓoye jiƙaƙƙen, ya kuma barranta daga mai algus. Ibn Majah ma ya ruwaito daga Uƙbatu ɗan Amir hanin Musulmi ya sayar wa ɗan'uwansa abu mai aibi ba tare da ya bayyana masa ba. Mai gidan da ya san abin da ya kori ɗan haya na baya, ya shafa fenti a kan ramuka ya karɓi kuɗin wani, ya yi algus. Dillalin da ya sani ya yi shiru don kada ladansa ya kuɓuce, shi ma yana da nasa kason na zunubi.

Na huɗu: Abin da ke kan ɗan haya

Hausawa suka ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɓera abu uku yake nema a gida: abinci, ruwa da maɓoya. Rami na mai gida ne, amma abin da ke kiran ɓera ya biyo ramin yawanci a hannun mazauna yake. Kwanukan tuwo da ake kwana ba a wanke ba, buhun hatsi a ƙasa baki buɗe, bola a bayan ɗaki, tarin kwalaye da tsummokara a ƙarƙashin gado, duk waɗannan gayyata ce.

Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam ya koyar da wannan tun da daɗewa. A hadisin Jabir ɗan Abdullahi da Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya yi umarni da a rufe ƙorai, a ɗaure bakin salka, a kulle ƙofofi, a kashe fitilu lokacin kwanciya, ya kuma faɗi dalili cewa ɓera kan ja lagwani ya ƙone mutanen gida. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa hakan ta taɓa faruwa a gabansa, ɓera ya jawo lagwanin fitila ya jefa a kan 'yar tabarmar da yake zaune a kai, ta ƙone gwargwadon faɗin dirhami. A yau lagwani ya yi ƙaranci, amma haƙoran ɓera ba sa daina tsiro, shi ya sa yake gaigayar duk abin da ya samu, har da wayar lantarki a cikin silin, kuma daga nan gobara kan tashi.

Ɗan haya amintacce ne a kan gidan da aka ba shi. Ba ya biyan abin da ya lalace don tsufa ko amfani na al'ada, amma yana biyan abin da ya lalace ta hanyar sakacinsa ko ƙetare iyaka. Idan aka ba mutum gida lafiyayye, ya mayar da ɗakin kwana rumbun masara ba da sanin mai gida ba, ko ya tara shara har ɓeraye suka huda silin, to kawar da su da gyaran ɓarnar a kansa yake. Haka nan wajibi ne ya sanar da mai gida da wuri idan ya ga rami ko tsagewa. Macen ɓera cikinta kimanin mako uku ne, kuma tana haifar 'ya'ya da yawa a lokaci guda, don haka shirun wata biyu kan mayar da ƙaramin aiki babba.

Idan kuma an rubuta wani sharaɗi a takardar haya, misali cewa feshin ƙwari da ɓera na kan ɗan haya, to ana bin sharaɗin, saboda hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito mai nuna Musulmi suna kan sharuɗɗan da suka gindaya. Sai dai irin wannan sharaɗi ba ya halatta wa mai gida ɓoye aibin da ya sani.

Na biyar: Idan mai gida ya ƙi gyarawa

A mazhabar Malikiyya, abin da ya shahara, wanda shi ne ra'ayin Ibnul Ƙasim kuma Shehu Khalil ya tafi a kai a Mukhtasar, shi ne ba a tilasta wa mai gida ya yi gyara, amma ana ba ɗan haya zaɓi idan aibin mai cutarwa ne. Ko dai ya warware haya ya fita, ko ya zauna. In ya zaɓi zama da saninsa, to cikakken kuɗin haya ya hau kansa. Wasu malaman mazhabar, kamar Ibn Habib, suna ganin a tilasta wa mai gida gyaran, kuma alƙali yana iya ɗaukar wannan idan ya ga maslaha, musamman a zamanin da ake karɓar kuɗin shekara gaba ɗaya, ga wahalar samun wani gida. Rashin tilastawa a gaban alƙali kuma ba ya nufin babu laifi tsakanin mutum da Ubangijinsa. Hadisin hana cuta da cutarwa, wanda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa kuma shi ne na 32 a Arba'una ta Nawawi, ya hau kan duk wanda ya bar iyalin wani cikin cuta alhali yana da ikon kawar da ita.

Daga wannan za ka fahimci abubuwa uku.

Na ɗaya, idan ka zaɓi fita, kana biyan watannin da ka zauna, a mayar maka da sauran. Hayarka Naira 20,000 ce a wata. In ka fita a ƙarshen wata na huɗu, ya ci Naira 80,000, zai mayar maka da Naira 160,000. Ba ya halatta ya ce sai ya sami wani ɗan haya tukuna, sai dai in kai ka yi masa rangwamen jira.

Na biyu, idan ya zo ya gyara kafin ka fita, gyara na gaskiya wanda ya kawar da cutar, to zaɓinka ya faɗi, sai ka cika wa'adinka.

Na uku, batun gyara da kuɗinka. Idan ka gyara da izininsa a kan za a cire a kuɗin haya, wannan ya halatta, kuma malamanmu sun ambaci halaccin sharɗanta gyara daga kuɗin hayar da ya wajaba. Amma idan ka gyara ba da izininsa ba, ba kuma da umarnin alƙali ba, to ana ɗaukarka mai sa kai, ba ka da ikon tilasta masa ya biya ka abin da ka kashe, ballantana ka yanke da kanka a hayar baɗi. A nan mutane da yawa suke faɗawa cikin rigima. Sau da dama ana kawo mana irin wannan a masallaci: ɗan haya ya kashe kuɗi masu yawa da kyakkyawar niyya, shekara ta zagayo mai gida ya ce bai san zancen ba, babu takarda, babu shaida, mai gaskiya ya koma mai roƙo.

Saboda haka ga shawarata gare ka bi da bi. Ka ɗauki hoton ramukan da ɓarnar da waya. Ka sami magini ya ƙiyasta maka kuɗin aikin. Ka je wurin mai gidan tare da mutum biyu masu mutunci, ka yi masa magana mai taushi, ka ba shi zaɓi: ko ya gyara cikin wa'adin da kuka yarda, kamar mako biyu, ko ya ba ka izini a rubuce ka gyara a cire a haya, ko ya mayar maka da ragowar kuɗinka ka tashi. Duk abin da kuka daidaita a kai ku rubuta, shaidu su sa hannu, ka kuma adana rasit na siminti da ladan ma'aikata. Allah Ya yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, domin a toshe irin wannan ƙofa ta musu. In ya ƙi duka ukun, sai ka kai maganar ga mai unguwa ko limamin unguwa, ko ofishin Hisba a jihohin da take, domin sulhu. In sulhu ya gagara, sai kotun da ke da hurumin shari'ar haya a jiharku, domin dokokin haya a Nijeriya sun bambanta daga jiha zuwa jiha. Kada ka kulle ɗaki ka tafi da makulli ba sanarwa, kada kuma ka zage shi a unguwa, domin hakan zai raunana hujjarka.

Game da shinkafa da masara da wayar firjin da suka lalace, asali mai gida ba ya lamunin kayan ɗan haya, tun da ba hannunsa ne ya lalata su ba. Amma idan ya tabbata ya san aibin ya ɓoye, ko an sanar da shi ya yi biris, to kana iya gabatar da wannan a wurin sulhu ko gaban alƙali, shi zai duba gwargwadon sakacin kowa.

Na shida: Hukuncin kashe ɓera

Kashe ɓera halal ne ba tare da saɓani ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya ambaci dabbobi biyar masu ɓarna da ake kashewa ko da a cikin Harami: hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo. Abin da aka halatta kashe shi a Makka, har ga mai harama da aikin Hajji, to a ɗakinka ya fi halatta.

Sai dai akwai ladubba. Hadisin Shaddad ɗan Aus da ke Sahihu Muslim ya wajabta kyautatawa a cikin komai, har a wajen kisa. Bukhari kuma ya ruwaito hanin yin azaba da wuta. Don haka abin da wasu yara ke yi na zuba wa ɓera kananzir da rai a kunna masa wuta haramun ne, ga shi kuma yakan ruga da wutar cikin ɗaki. Wanda ya yi amfani da tarkon gam, ya gaggauta kashe abin da ya kama, kada ya bar shi kwana da kwanaki yana wahala. Kiwon kyanwa ya halatta, kuma ita mai tsarki ce kamar yadda hadisin Abu Ƙatada a Muwaɗɗa ya nuna, amma a ciyar da ita, kada a ƙulle ta da yunwa don ta yi farauta.

Guba ma ta halatta da sharaɗin kada ta cutar da wanda ba a nufa ba. A gida mai ƙananan yara irin naka, tarko ya fi aminci. Shinkafar ɓera kama take da abinci, yaro mai rarrafe ba ya bambancewa. In ba makawa, a sa ta a inda hannun yaro da bakin kaza ba sa kaiwa, a sanar da duk mutanen gidan, a kwashe ragowar da safe. Wanda ya watsa guba a tsakar gidan haɗaka ba sanarwa har ta kashe kajin maƙwabci ko akuyarsa, zai biya. Ina kuma jan kunne da babbar murya a kan ƙwayar nan da ake sa wa buhunan wake da masara don ajiya. Iska mai guba take fitarwa, ba a yi ta don ɗakin da mutane ke kwana ba, kuma tana iya kashe mutanen ɗaki suna barci. Idan yaro ya haɗiyi guba, a garzaya da shi asibiti tare da kwalin maganin, kada a tsaya ba shi manja ko madara a gida.

A sani kuma kisa kaɗai ba ya ƙarar da su matuƙar ramin na nan. Ƙaramin ɓera yana iya kutsawa ta kafar da ba ta wuce kaurin biro ba. Shi ya sa aikin mai gida da na ɗan haya suke buƙatar juna: a toshe hanya, a ɗauke abinci, sannan a ɗana tarko.

Na bakwai: Abinci da ruwan da ɓera ya taɓa

A Malikiyya ɓera mai rai jikinsa mai tsarki ne, mushensa kuwa najasa ne, kuma mafi yawan malamai suna ɗaukar kashinsa da fitsarinsa najasa. Bukhari ya ruwaito daga Nana Maimuna cewa an tambayi Annabi sallallahu alaihi wa sallam game da ɓeran da ya faɗa cikin man shanu, sai ya yi umarni a jefar da shi da abin da ke kewaye da shi, a ci sauran. Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya yi bayani a Risala cewa wannan a daskararren mai ne. Idan mai ko zuma narkakke ne ɓera ya mutu a ciki, ba a cin sa gaba ɗaya. Ya kuma kawo daga Sahnun cewa ko daskararre ne, in mushen ya daɗe a ciki, duka ake zubarwa. Ruwan rijiya kuwa, in launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya sauya saboda mushen, ya zama najasa, in bai sauya ba an so a kwashe wani adadi gwargwadon girman rijiyar da na dabbar. Ruwan randa ko bokiti kuwa a zubar kawai a wanke mazubin.

Wannan ta fuskar tsarki ke nan. Akwai kuma fuskar lafiya, wadda shari'a ta ba ta muhimmanci. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara gano shi a 1969 a garin Lasa da ke jihar Borno ta yanzu, wani nau'in ɓera ne mai yawan nonuwa yake yaɗa shi ta fitsari da kashin da yake bari a kan abinci da kayan gida. Ya fi tsananta da rani, kuma jihohin Bauci, Taraba, Edo da Ondo suna cikin waɗanda suka fi fama da shi. Alamunsa kan bayyana cikin mako uku da kamuwa, yana farawa kamar zazzaɓin cizon sauro, yana iya kisa, wasu da suka warke kuma yakan bar su da kurumta. Saboda haka dafaffen abincin da ɓera ya ci ko ya yi kashi a ciki a zubar, kuma wannan ba almubazzaranci ba ne. Hatsin da ya ɓaci da kashi da fitsari shi ma a rabu da shi, kuma haramun ne a kai shi kasuwa a sayar wa wanda bai sani ba. Sauran a zuba a durom ko bokiti mai murfi. Kada a share kashin ɓera a bushe ƙura ta tashi, a fara jiƙa shi da ruwan bilic, a sa leda ko safar hannu a kwashe, a wanke hannu da sabulu. Mushe ma kada a ɗauka da hannu tsirara, a binne shi da zurfi. Yaron da aka ciza a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa a kai shi asibiti. Duk wanda ya yi zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya a gidan, a gaya wa likita cewa akwai ɓeraye a inda kuke.

Na takwas: Gidan haɗaka

Tun da sassa huɗu ne a gidanku, aikin mutum ɗaya ba zai wadatar ba, domin ɓeran da aka kora daga wannan ɗaki na gaba zai koma. Ku haɗu ku huɗun ku sa ranar shara, ku yi bola ɗaya mai murfi nesa da ɗakuna, ku ɗana tarko a mako guda, ku kuma je wurin mai gidan tare, domin maganar mutum huɗu ta fi ta mutum ɗaya nauyi. Maƙwabcin da ya ƙi tsafta har ƙazantarsa ta jawo wa sauran cuta, a tuna masa da hadisin da ke Sahihul Bukhari wanda Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya rantse sau uku yana kore cikar imani ga wanda maƙwabcinsa bai aminta daga sharrinsa ba.

Nasiha ga ɓangarorin biyu

Ya kai mai gida, buhun siminti biyu ko uku da ladan magini na kwana ɗaya ba su kai darajar yatsan yaro ba, ballantana ransa. Ginin naka ne, ɓeran da ke haƙa a gindin bango dukiyarka yake rusawa, kuma kuɗin da ka karɓa za a tambaye ka a kansa ranar da babu dillali babu lauya. Ya kai ɗan haya, ka riƙe gidan mutane kamar naka, ka sauke naka nauyin kafin ka nemi haƙƙinka, ka nema kuma ta hanyar da shari'a ta tsara. Nan gaba in za ka kama haya, ka duba gindin bango da silin da kwata da rana tsaka, ka tambayi maƙwabta dalilin tashin wanda ya gabace ka, ku kuma rubuta wanda gyara ke kansa kafin kuɗi ya bar hannunka. Wanda ya ga aibi da idonsa ya yarda ya shiga, ba shi da zaɓin warwarewa daga baya saboda wannan aibin, sai dai in ya ƙaru fiye da yadda ya gani.

Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya tsare mu da iyalanmu daga cuta, Ya azurta marasa muhalli da nasu na kansu.

Wallahu A'alam.